Gwajin Biro

Dakta ya turo ƙofar ɗakin gwajin da ƙafa, ya mayar ya rufe, sannan ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, a naɗe cikin hankici. Jinin da ke ciki ko hucewa bai gama yi ba. Ya ajiye ta gaban Auta, kusa da babban littafin rajista, ya ɗora mata mabuɗin kabad ɗin nan da ba a taɓa barin ɗalibi ya buɗe ba.

"Wannan ki yi shi da gaske," ya ce, yana rage murya. "Ban da biro. Na wanda ke neman 'yata ne. Ita AS ce, kin ga kuwa ba abin wasa ba ne."

Auta ta amsa da ladabi, kanta a sunkuye. Shekara huɗu ta yi tana koya wa fuskarta wannan ladabin, kuma yau ma fuskar ba ta ba ta kunya ba. Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace sannan ta lura hannunta ya damƙe mabuɗin har ya yi mata shaida a tafi.

Ashe ya sani. Duk tsawon shekarun nan ta bar masa wata 'yar kafa a zuciyarta, tana cewa watakila ma'aikatansa ne ke ha'intarsa, shi bai da labari. Yanzu da bakinsa ya toshe kafar.

* * *

Shekara goma da suka wuce, a wannan ɗakin aka ɗebi jinin mutumin da zai auri yayarta. Yaya ta san kanta tun tana makaranta, AS ce, tana ɗauke da ƙwayar sikila ko da yake ba ta ciwon. Abin da ake so a sani shi ne nasa. Idan shi ma AS ne, 'ya'yansu na iya zuwa da cutar. Ko rabin awa ba su yi a kan benci ba aka miƙo musu takarda mai hatimi da sa hannun Dakta: AA. Yaya ta shigo gida tana rawa da takardar, Auta tana biye da ita tana tsalle ba tare da ta san abin da ake murna a kai ba.

'Yarsu ta fari, wadda kowa ke kira Ƙyalƙyal saboda dariyarta, tana wata bakwai hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura. A asibiti aka ce SS ce, wato cutar sikila. Mijin ya ɗauko takardarsa mai hatimi ya shimfiɗa a gaban Yaya, ya ce ta yi masa bayanin yadda mai AA zai haifi SS. Ta roƙe shi ya sake gwaji, ya ce ba shi ne ke da abin ɓoyewa ba. Haka suka zauna cikin zargi har aka haifi Ƙarama, ita ma da cutar. Daga nan ya haɗa mata kayanta. Yaya ta dawo ɗakin Inna da 'ya'ya biyu, da keken ɗinki, da sunan da maƙwabta ba sa faɗa sai ta ba da baya.

Ƙyalƙyal ta rasu tana shekara biyar, a kan cinyar Auta, cikin motar haya, kafin su kai ƙofar asibiti. Bayan wata biyu uban ya je wani wuri ya sake gwajin a ɓoye. Ya zo ƙofar gida yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana neman gafara. Yaya ba ta fito ba. Keken ɗinkinta ma bai tsaya ba.

A shekarar Auta ta gama sakandare. A da, zanen gine-gine take so ta karanta, littattafanta duk zanen benaye ne. Ranar cike fom ta rubuta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, domin ta binciko cewa mai ɗakin gwajin nan malami ne a sashen. Inna ta yi ta sa mata albarka, tana gaya wa kowa autarta za ta zama likita. Auta ba ta gyara mata ba.

* * *

A jami'a ta ga inda abin ya samo asali. Su kusan ɗari biyu ne a aji, na'urar duba ƙwayoyin cuta uku, ɗaya ma ba ta da gilashi. Ranar darasin aiki sai su sa fararen riguna su jeru a gaban tebura wayam, Dakta ya tsaya gaban allo ya ce su ɗauka sun ɗiga sinadari, su ɗauka ruwan ya koma shuɗi. Kowa ya duƙa ya rubuta cewa ruwan ya koma shuɗi. Ɗalibai suka raɗa wa abin suna gwajin biro, suna tsokanar juna cewa wanda bironsa ya fi tsada shi ya fi iya gano cuta. Kwalayen kayan aiki kuwa suna zuwa sashen, ana sa hannu an karɓa, bayan kwana biyu a ga ana loda su a bayan motar Dakta.

Auta ta zauna a layin gaba tun ranar farko. Ita ce mai goge masa allo, mai ɗaukar masa takardu zuwa mota, mai fara dariya idan ya yi barkwancin da ya yi bara. 'Yan ajinsu suka sa mata Jakar Dakta, suna faɗa ta yadda ba za ka gane ta ratayawa suke nufi ko ta kiwo ba. Ba ta taɓa tanka musu ba. Duk sanda ya ce mata "'yata, Allah ya yi miki albarka," sai ta ji kamar ta haɗiyi garwashi, ta yi murmushi ta ce amin.

Mutum ɗaya ne ya koya mata aikin gaskiya, wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin sashen da ake kira Baba Mai Makulli. Yana da wata tsohuwar na'ura da ya ɓoye a sito, da 'yan kayan da yake tsamewa kafin motar Dakta ta iso. Shi ya nuna mata yadda ake ɗiga jini a kan siririyar takarda ta musamman, a kwantar da ita cikin ruwan sinadari, a kunna wuta, a jira layuka su rabu. Layi ɗaya a gaba, AA. Layi biyu, AS. Bai taɓa tambayarta dalilin nacinta ba. Sau ɗaya dai ya dube ta ta saman tabarau ya ce ɗalibai iri biyu ne ke zuwa masa da ƙafarsu, masu son aikin da masu jin haushin wani, kuma ita ba ta yi masa kama da na farko ba.

A shekarar ƙarshe Dakta ya zaɓe ta ta yi aikin sanin makama a ɗakin gwajinsa na cikin gari, ya kuma zama mai duba bincikenta na kammala digiri. Shi ya ba ta batun da kansa: yawan masu ɗauke da ƙwayar sikila cikin masu zuwa gwaji. Ya ce ba sai ta wahala ba, ta kwafe daga rajista kawai.

Nan ta ga komai da idonta. A ɗebi jinin mutum, a ce ya jira a waje. Ma'aikaci ya dubi agogo, ya bari minti ashirin ya wuce, ya rubuta AA, ko AS idan ya ga AA ta yi yawa a shafin, ya tuttule jinin a wurin wanke hannu ya sakar masa ruwa. Kayan kabad na manyan mutane ne. Auta ta karɓi aikin wanke kwalabe, wanda kowa ke gudu. Kafin ta zubar sai ta rage kaɗan, ta manna lambar rajista, ta jera cikin kular abincinta da ƙanƙara, ta kai wa Baba Mai Makulli. Wata biyar suna haka. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu suka sake gwadawa, arba'in da bakwai sakamakonsu ƙarya ne. Ta manne kowace takarda a wani littafi mai baƙin bango, tana jiran ranar kare bincike, ranar da baƙuwar farfesa za ta zo daga wata jami'a. Saura kwana goma sha biyu Dakta ya shigo mata da kwalbar nan a hankici.

* * *

Ta buɗe kabad ɗin ta yi aikin a tsanake, yadda tsohon ya koya mata. Da lokaci ya cika ta ɗaga takardar ta fuskanci taga. Layi biyu ne, raɗau, babu ko tantama. Ta sake yi don ta tabbatar. Layi biyu.

Littafinta mai baƙin bango zai iya raba Dakta da aiki, ya zubar masa da mutunci. Amma mutunci ai ba ya kumbura da tsakar rana, ba ya ihu har muryarsa ta dishe. So take ya tsaya a barandar asibiti da jikarsa a kafaɗa, yana roƙon a taimaka a sa mata jini. So take ya ji yadda jikin yaro ke yin nauyi a cinya idan rai ya fita. Ga shi kuwa shi da kansa ya kawo mata wuƙar, har da hankici.

Ta zare biro daga aljihun farar rigarta ta rubuta AA. Ta soke takardar mai layi biyu cikin jakarta.

Dakta ya karanta, ya sauke ajiyar zuciya, ya yi hamdala har sau uku. Ya buga hatimi ya sa hannu, ya ce mata aikinta na jiran ta a nan ranar da ta karɓi digiri. A hanyar komawa makaranta Auta ta ji jikinta sakayau, har ta tsinci kanta tana 'yar waƙa.

Bayan kwana uku 'yar Dakta ta zo neman ta. Malamar firamare ce, siririya, da burbushin alli a hannun rigarta. Ta kawo mata turare, ta riƙe hannunta biyu tana godiya kamar Auta ce ta halicci jinin. Ta ce mako guda ba ta iya cin abinci ba, domin ta riga ta yanke cewa idan ya fito AS za ta haƙura da shi, ko da kuwa za ta mutu da son sa. Akwai wata yarinya mai sikila a ajinta, ta ce, ta ga abin da uwar ke sha.

Auta ta karɓi turaren ta yi mata fatan alheri. A ranta ta ce, Yaya ma haka ta yi murna.

* * *

Ranar Asabar da hantsi ta je gida, ta tarar ciwon Ƙarama ya tashi. Yarinyar, mai shekara bakwai, tana kwance a tabarma ta ƙanƙame jiki, idanunta sun yi ruwan ɗorawa, Yaya tana tsoma tawul a ruwan ɗumi tana gasa mata gwiwa. Inna ta fita neman mota. Auta ta durƙusa kusa da yayarta, ta kasa riƙe abin da ke cinta. Cikin raɗa ta zayyana mata komai, tun daga dalilin da ya sa ta zaɓi karatun har zuwa haruffa biyun da ta rubuta. Tana magana tana duban fuskar Yaya, tana jiran ta ga hasken da ta yi shekara huɗu tana tanadar mata.

Yaya ta matse tawul ɗin, ba ta ɗago ba.

"Riƙe min ƙafar nan," ta ce.

Auta ta riƙe. Ƙafar ta yi zafi kamar an ciro ta daga wuta. Da tawul ya taɓa ta, Ƙarama ta ƙwalla ƙara ta gantsare, tana kiran sunan Allah tana kiran uwarta.

"Kar ki saki. Kin ce jikarsa ko? To wa kike tsammani zai zauna da tawul? Shi? Yana ofis, Auta. Ita ce za ta zauna, kamar yadda nake zaune. Ita za a tambaya inda ta samo cikin." Ta sake tsoma tawul ɗin. "Ni ban yafe masa ba, kuma ba zan yafe ba har gaban Allah. Idan shi kike nema, ki same shi shi kaɗai. Amma idan kika bari aka haifi wata ta kwanta haka saboda bironki, kada ki ƙara taɓa min 'ya."

Sai ga Inna ta dawo da mota. A hanyar asibiti Yaya ta rungume 'yarta ita kaɗai, ba ta bari Auta ta karɓe ta ba.

* * *

Auta ba ta huce ba. Ta dai sake lissafi. Idan ta faɗi gaskiya da wuri, Dakta zai hana ta shiga ɗakin kare bincike. Don haka ta jira har safiyar ranar. Ƙarfe takwas ta tsaya a ƙofar wani aji na firamare, yara suna rera haruffa, ta miƙa wa 'yar Dakta siririyar takardar mai layi biyu. Ta ce mata mai neman ta AS ne, su je wani wuri su sake, kada su yarda da hatimin kowa.

Malamar ta dubi takardar, ta dube ta. Ta tambaya ko kuskure aka yi.

"Ba kuskure ba ne. Da gangan na yi. Ki tambayi babanki abin da ake kira gwajin biro."

Ƙarfe goma aka kira ta. Malaman sashen sun jeru a dogon tebur, baƙuwar farfesa a tsakiya, tsohuwa mai furfura da ƙaramar murya. Dakta yana gefenta yana murmushi, ya ma riga ya gaya mata wannan ce gwarzuwar ɗalibarsa. Auta ta haska bayananta a bango. Maimakon jadawalin da ya sa wa hannu, sai ga layi biyu na lambobi: abin da rajistarsa ta ce, da abin da jinin ya ce. Wurare arba'in da bakwai ta shafa musu ja.

Ta yi bayani dalla-dalla, ba ta ɗaga murya ba. Ta faɗi minti ashirin da ake jira, da wurin wanke hannu, da kabad, da bayan mota. Ta ajiye littafin mai baƙin bango a gaban farfesar. Duk wannan idonta na kan Dakta. Ta ga murmushin ya bushe a fuskarsa, ta ga gumi ya tsattsafo a ƙarƙashin hularsa, ta ga yatsunsa suna laluben kofin ruwa suna kuskurewa. Wayarsa tana ta kakkarwa a kan tebur, ya kife ta, ta ci gaba. Auta ta san 'yarsa ce mai kiran. Wani daɗi mai ɗaci ya cika mata baki, ta ƙi haɗiyewa don kada ya ƙare.

Dakta ya miƙe yana cewa yarinyar nan ta sami taɓin hankali, ɓarauniyar jinin mutane ce, wa ya ba ta izini. Farfesar ta ɗaga masa hannu, ta tambayi Auta ko tana da tabbacin ana rubuta sakamako ba tare da gwaji ba, ko dai kuskuren aiki ne.

"Ina da tabbaci, ranki ya daɗe, domin ni ma na rubuta. Kwana goma sha biyu da suka wuce ya kawo min jinin wanda zai auri 'yarsa, ya ce wannan in yi da gaske. Na yi da gaske, sannan na yi masa irin wanda ya yi wa yayata. Ya sa hannu yana hamdala."

Dakta ya koma ya zauna a hankali, ya juyo da wayar ya zuba mata ido.

* * *

An kafa kwamiti. Ya zauna wata bakwai. Rajistar ta ɓata tun a makon farko, littafin mai baƙin bango kuma aka ce an karɓe shi don ajiya, ba wanda ya sake ganin sa. Farfesar ta rubuto wasiƙa mai zafi, aka amsa mata da godiya. A ƙarshe kwamitin ya gano laifi biyu tabbatattu, duka na Auta: ɗibar jinin mutane ba izini, da rubuta sakamakon ƙarya, wanda ta amsa da bakinta a gaban shaidu. Aka kore ta. Baba Mai Makulli aka yi masa ritaya. Dakta aka ba shi hutun shekara guda don ƙaro ilimi. An fasa auren 'yarsa, kuma an ce ta bar gidan ta koma wurin gwaggonta, ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Wannan labarin Auta ta sa aka maimaita mata shi sau biyu.

Inna ta daina ce wa mutane komai game da karatun autarta. Yaya ta matsa wa Auta gefe a kan benci, ta koya mata sa maɓalli da kalmasa.

Lambobin wayar mutum arba'in da bakwai ɗin suna wurinta, ta kwafe su tun da wuri. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi godiya, wasu suka zage ta suka kashe waya. Goma sha tara sun riga sun yi aure. Wata mata ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce cikinta wata shida ne, me ake so ta yi yanzu.

Wata rana da azahar ta je sayo wa Yaya zare, hanya ta bi da ita ta gaban ɗakin gwajin. An yi masa sabon fenti, an sauya suna. Ta taga ta hango ɗaya daga cikin 'yan ajinsu cikin farar riga, yana duban agogon hannunsa. A bakin ƙofa wani saurayi da budurwa suna tsaye suna karanta allon, suna 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Auta ta matsa ta yi musu sallama. Ta ce don Allah kada su yi a nan, su je babban asibiti. Saurayin ya dubi silifas ɗinta da ledar zaren da ke hannunta, ya ce sun je can, layi ya yi yawa, an ce sai mako mai zuwa. Nan kuwa minti ashirin ne.

Ya buɗe wa budurwar ƙofa, suka shiga.